Alkamar surukina ta faɗi a awo, kuma ni ne shugaban kwamitin

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne da ya yi ritaya, ina zaune a Jos, kuma ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman alkama wadda yawancin 'ya'yanta suke noma a yankin Bassa. Bana an ba ƙungiyarmu gurbin mutum 40 a tallafin iri da taki na rabin kuɗi, alhali mu 70 ne. Don kauce wa son kai, muka yanke cewa za a duba ingancin alkamar da kowa ya girbe a wannan damina, aka kuma naɗa ni shugaban kwamitin awo. Mun aro na'urar auna danshi, muka ce duk wanda alkamarsa ta haura kashi 13 cikin 100, ko aka ga datti da yawa a cikinta, ba zai shiga ba. Alkamar surukina, mahaifin matata, ta nuna 15.8, ga ƙaiƙayi a ciki, ƙwayar kuma ta ɗan tsamure. Dattijo ne da ya daɗe yana noma, ya ce na'urar ƙarya take yi, kuma tun ranar ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Matata ta ce idan ban gyara lambar ba na ci mutuncin gidansu. Wasu 'yan kwamiti sun ce mini a asirce in rubuta 13 kowa ya huta. Ni ma zuciyata ba ta kwanta da awon ba, domin kwana biyu muka yi muna yin sa, wasu da sassafe wasu da tsakar rana, kuma daga bakin buhu muka riƙa ɗiba. Saura mako biyu mu miƙa sunaye. Me ya kamata in yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka rubuta 13 a inda na'ura ta nuna 15.8. Gurbi 40 ne kawai, saboda haka duk sunan da ka shigar ta bayan fage ya fitar da sunan wani ke nan, kuma wanda aka fitar ɗin shi ma mahaifin wani ne ko surukin wani, sai dai shi ba shi da ɗa a kwamiti. Waɗanda suka ba ka shawarar a asirce su ne za su fara riƙe ka da ita, domin daga ranar da ka gyara wa Baba lamba ba ka da bakin hana kowannensu gyara wa nasa. Wannan ɓangaren na tambayarka ba ya bukatar dogon bayani, kuma ina jin ka san amsarsa tun kafin ka rubuto.

Abin da ya fi bukatar bayani shi ne rashin kwanciyar zuciyarka da awon kansa, kuma a nan kana da gaskiya. Yadda ka siffanta aikin, ba Baba kaɗai aka yi wa gaggawa ba. Mutum 70 ɗin duka an auna su da ma'aunin da ba ɗaya ba, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Mafitarka tana nan: a gyara hanyar awon a bainar jama'a, a sake wa kowa, kai kuma ka janye hannunka daga aikin. Idan aka yi haka, ko Baba ya shiga ko bai shiga ba, babu wanda zai ce kai ne ka shigar da shi ko ka fitar da shi.

Mu fara da danshi, tunda a kansa kuka ɗora hukunci. Ƙwayar alkama tana shan laima daga iska, tana kuma sakin ta, har sai ta daidaita da yanayin wurin da take. A iska mai laima irin ta ƙarshen damina a Filato, alkamar da aka bari a buhu a ɗaki mai sanyi tana iya tsayawa a kashi 15 ko 16, amma ita wannan alkamar idan hunturu ya shiga sosai aka shanya ta, tana iya sauka ƙasa da kashi 10. Wato lambar da na'ura ta nuna ranar awo labarin yanayin makon nan ne da inda aka ajiye buhun, kafin ta zama labarin ƙwarewar manomin. Wannan ne ma babban bambancin alkamar damina ta tsaunukan Jos da alkamar rani ta Kadawa ko kwarin Haɗejia, wadda ake girbe ta a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe ƙarau. Manomin can ba ya wahalar kai alkamarsa kashi 12, naku kuwa sai ya yi da gaske, musamman wanda ba shi da tamfol ko daɓen siminti na shanya.

Ita kanta na'urar hannu ba ruwa take aunawa kai tsaye ba. Tana duba yadda ƙwayar ke amsa wutar lantarki ne, sannan ta lissafa danshi daga nan, don haka abubuwa da dama suna karkatar da ita. Dole a saita ta a kan alkama, domin lissafin masara ko shinkafa daban yake. Zafin ƙwayar yana shafar ta, shi ya sa alkamar da aka kwaso daga rana da wadda ta kwana a sanyin Jos ba za su nuna lamba ɗaya ba ko da danshinsu ɗaya ne. Alkamar da aka shanya na 'yan sa'o'i kafin awo bayanta ne ya bushe, cikinta da saura, sai ta nuna ƙasa da gaskiyarta, idan ta kwana a rufe kuma lambar ta sake hawa. Wadda raɓa ta taɓa da asuba kuwa sai ta nuna sama da gaskiyarta. Ko na'urar tana lafiya ƙalau, kuskuren rabin kashi sama ko ƙasa abu ne da aka saba gani a irinta. To, ka dubi abin da wannan ke nufi ga ƙa'idarku: wanda ya samu 12.9 da tsakar rana ya shiga, wanda ya samu 13.3 da sassafe ya fita, alhali mai yiwuwa ne na biyun ya fi na farkon bushewa. Ina da yaƙinin cewa idan ka buɗe littafin awonku za ka ga mutane da yawa sun taru a kusa da wannan layi, kuma su ne aka fi zalunta, ba Baba ba.

Na ce ba Baba ba da gangan, domin dole in gaya maka abin da ba zai yi maka daɗi ba. Tsakanin 13 da 15.8 akwai tazarar kusan kashi 3, kuma kuskuren na'ura da bambancin safe da rana da wuya su cike wannan tazara. Mafi rinjayen zato shi ne alkamarsa da danshi a ranar. Ƙa'idar abinci ta duniya da hukumar Codex ta gindaya wa alkama ma ta tsaya a kashi 14.5 ne a matsayin iyaka, masu ajiya na tsawon watanni kuwa sukan nemi 12 zuwa 13. Don haka lambar da kuka zaɓa ba ta da laifi. Kuma akwai abin da ya fi tallafin gaggawa: alkama mai danshin kusan 16 da ke ɗaure a buhu tana ɗaukar zafi, fumfuna ta kama ta, ƙwari su samu wurin zama, ƙarfin tsirarta kuma ya ragu idan da niyyar ajiye iri. Yayin da ake ta maganar mutunci, amfanin gonar dattijon yana iya lalacewa a ɗaki. Ko a yau ne, a tura yara su baje masa ita a rana, shimfiɗa mara kauri, ana juyawa, a kwashe kafin yamma ta yi sanyi. Idan babu na'ura a kusa, akwai gwajin da manoma suka sani: a ciza ƙwaya, busasshiya takan fashe da ƙara, mai danshi takan lotse. Akwai kuma gwajin gishiri, inda ake zuba alkama da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran shanya.

Sai dai danshi aibi ne mai magani, kuma wannan shi ne kuskure na farko a ƙa'idarku. Kwana biyu ko uku na rana mai kyau suna sauko da 15.8 zuwa 13. Masu sayen hatsi da suka san aikinsu ba sa korar mai irin wannan kaya. Lissafi suke yi, su cire nauyin ruwan. Buhu mai kilo 100 a danshin 15.8 yana ɗauke da kilo 84.2 na tsabar abinci, idan aka busar da shi zuwa 13 zai koma kimanin kilo 96.8. Iyakar bambancin ke nan, kilo uku da 'yan kai a buhu. Bai dace a hana mutum iri da takin shekara guda a kan abin da rana za ta gyara kafin Juma'a ba. Abin da ya dace shi ne a sanar da ranar awo tun da wuri, a ba kowa kwanakin shanya, wanda kuma ya zo da danshi a ba shi dama ɗaya ya koma ya gyara.

Ɗiba daga bakin buhu shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko haɗari, domin yana saka wa mai wayo ne ya hukunta mai gaskiya. Kowa ya san abin da ake kira ado a kasuwar hatsi, a sa mai kyau a sama a ɓoye mara kyau a ƙasa. Matsalar tsohuwa ce ƙwarai: a hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, yatsunsa suka taɓa laima a ƙasa, ya tambayi mai kayan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nesanta kansa daga mai yin algus. Ko babu niyyar ha'inci ma, buhu ba ya zama iri ɗaya daga sama zuwa ƙasa, domin ƙasa da tsakuwa da gutsattsarin ƙwaya suna gangarawa gindi idan an yi tafiya da shi a mota, ƙaiƙayi kuma ya taso sama. Mai yiwuwa ƙaiƙayin da kuka gani a bakin buhun Baba ya fi abin da ke cikin buhun gaba ɗaya, kamar yadda mai yiwuwa wani da ya ci awon yana da yashi a gindin nasa. Hanyar da ta dace ita ce a yi amfani da ƙarfen huda buhu irin na 'yan kasuwar hatsi, a ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa, daga buhuna da dama waɗanda kwamiti ya zaɓa ba mai kayan ba. A haɗa abin da aka ɗiba wuri ɗaya a gauraya sosai, a baje, a raba gida huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna, a sake gaurayawa har a samu kimanin kilo ɗaya. A raba wannan kilon gida biyu, rabi na awo, rabi a ɗaure a leda mai kauri a gaban mai kayan, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ajiye saboda ƙorafi.

Maganar "datti da yawa" kuwa ba ƙa'ida ba ce, ra'ayi ne, kuma ido yana ganin datti a buhun wanda ba a so fiye da na wanda ake so. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. A auna giram 500 a ƙaramin sikeli, a tankaɗe da rariya guda ɗaya ga kowa, a tsince sauran da hannu, a auna abin da ya fita. Giram 10 kashi 2 ne cikin 100, giram 25 kashi 5 ne. Taron ƙungiya ya tsayar da iyaka kafin a taɓa buhun kowa. Kuma a bambanta: ƙaiƙayi da kara alamar shiƙa ce ba ta isa ba, faifai da iska suna gyara su, ƙasa da 'yar tsakuwa alamar an yi sussuka a ƙasa ne babu shimfiɗa, amma yashi mai yawa a tsakiyar buhu, ko tsohuwar alkama mai ƙwari da aka cakuɗa da sabuwa, ko ruwa da aka yayyafa don ƙara nauyi, waɗannan ha'inci ne, kuma su kaɗai ne a ganina suka cancanci kora kai tsaye.

Yanzu tsamurewar ƙwaya, wadda ita ce ainihin maganar inganci, domin rana da faifai ba sa gyara ta. Masu niƙa fulawa suna auna ta da nauyin abin da ma'auni guda ya ɗauka, kilo nawa ne a lita 100. Cikakkiyar alkama mai kyau takan kai kilo 76 zuwa 80, tsamurarriya takan faɗo ƙasa da haka sosai, kuma ba ta ba da gari da yawa saboda dusa ta fi yawa a jikinta. Kuna iya kwatanta wannan awo da gwangwani mai cin lita ɗaya daidai: a zuba alkamar daga tsayi ɗaya ba tare da girgizawa ko dannawa ba, a share bakin da sanda miƙaƙƙiya, a auna, a cire nauyin gwangwanin. Giram 780 na nufin kilo 78. Kada ku yi da mudu, domin mudun wani ya fi na wani, kuma tsororon da ake yi masa hannun mai awo ne ke yanke shi. A yi wannan bayan shanya da tankaɗe, tunda danshi da ƙaiƙayi suna rage nauyin ma'auni.

To amma kai malamin gona ne, ka fi ni sanin abin da ke tsamurar da ƙwaya. Jinkirin shuka, ɗaukewar ruwa lokacin da zangarniya ke cika, cutar tsatsa da ke son sanyi da laimar Filato, rashin isasshen taki, ko tsohon iri da aka daɗe ana maimaitawa. A noman rani kuwa, wanda ya wuce tsakiyar Disamba bai yi shuka ba yakan haɗu da zafin Maris daidai lokacin cikar ƙwaya. Dubi wannan jeri da kyau, za ka ga rabinsa talauci ne ba sakaci ba. Manomin da bai samu taki da ingantaccen iri bara ba shi ne zai kawo tsamurarriyar alkama bana, ƙa'idarku kuma ta ce saboda haka ba za a ba shi taki da iri ba, mai hali da ya sayi nasa da kuɗinsa shi ne zai karɓi rangwamen. Idan aka bi wannan shekara uku a jere, ƙungiyarku za ta koma ta mutum 40, sauran 30 sun bar alkama sun koma dankali da masara.

Wannan ya saɓa wa dalilin da ya sa ake ba da tallafin tun farko. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar game da noman 2021 ta nuna alkamar da aka noma a Najeriya ba ta wuce kimanin tan dubu 37 ba, alhali ana shigo da sama da tan miliyan 4 daga waje kowace shekara. Don rage wannan giɓi ne Babban Bankin Najeriya ya zo Kwall, a ƙaramar hukumarku ta Bassa, a watan Nuwamban 2021 ya ƙaddamar da shirin alkama da ya haɗa da ta damina, kuma don haka ne gwamnatin tarayya ta buɗe noman alkama na rani a yankin Haɗejia a Nuwamban 2023 da rangwamen rabin kuɗin kayan noma, bisa rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin binciken alkama a ƙasar nan, ta fitar da iri irin su Norman da Reyna domin su isa hannun ƙaramin manomi ne. Manufar duka ita ce a ƙara yawan masu noma da yawan abin da hekta ke bayarwa. Awon inganci aikinsa shi ne yanke farashi ranar sayarwa, mai kyau ya samu ƙari, mara kyau a rage masa. Idan aka mai da shi ƙofar shiga tallafi, an sa shi aikin da ba nasa ba.

Akwai ma ramin da ba ku rufe ba. Me ya tabbatar muku cewa alkamar da mutum ya kawo daga gonarsa ta fito? Wanda ya san za a yi awo yana iya sayo buhu biyu na alkamar rani daga Kano, busasshiya cikakkiya, ya ci awonku da maki mafi girma ba tare da ya taɓa fartanya ba. Na'ura ba ta san gona ba. Kuma ko a wurin masana, inganci ba lamba ɗaya ba ne. Tsamurarriyar ƙwaya sau da yawa takan nuna furotin mai yawa a lissafin kashi, saboda sitacin ne bai cika ba, yayin da wata alkamar mai kyan gani da ruwa ya doka bayan ta nuna takan fara tsira a ɓoye, garinta ya ƙi yin burodi mai kyau. Gano wannan sai a ɗakin gwaji, inda ake auna daƙiƙan da sanda ke ɗauka kafin ta nutse a kunun garin, masu burodi kuma sukan so ya kai 250 ko fiye. Ba ku da waɗannan kayan aiki, kuma ba na ba ku shawarar ku nemo su don rabon gurbi 40. Na kawo su ne don ka ga cewa abin da kuka auna ɗan yanki ne na inganci, bai kai a yanke wa mutum hukunci da shi shi kaɗai ba.

Ga yadda nake ganin za ka yi da makonni biyun nan. Da farko ka koma ga takardar waɗanda suka ba ku gurbin, ka ga sharuɗɗan da suka rubuta. Idan su ne suka ce a yi awon inganci, ku bi, ku kuma nemi su ba ku iyakokin a rubuce. Idan kuwa ƙungiya ce ta ƙirƙiro ƙa'idar, kamar yadda wasiƙarka ta nuna, ƙungiya tana da ikon gyara ta, amma a babban taro, ba a ɗakin kwamiti ba. Ka nemi shugaba ya kira taron cikin kwana biyu ko uku. Kafin a fara komai ka miƙe ka faɗa da bakinka cewa surukinka yana cikin waɗanda suka faɗi, saboda haka ka sauka daga shugabancin kwamitin awo, kuma ba za ka taɓa na'ura ko littafi ba. Jerin abubuwan yana da muhimmanci: idan ka kawo gyara kana kan kujera, za a ce don Baba ka yi, ko da kowace kalma taka gaskiya ce. Bayan ka sauka sai ka bayyana kurakuran, awon safe da rana, ɗiba daga baki, datti da ido, ka bar taro ya yanke. Kada ka ambaci waɗanda suka ce ka gyara lamba. Ba ka bukatar sabuwar rigima a wannan mako.

Ka shirya wa adawa daga waɗanda suka riga suka ci, domin babu mai son a sake jarrabawar da ya haye. Abin da zai kwantar musu da hankali shi ne su ga sabuwar hanyar ta fi tsohuwar tsauri wajen gaskiya. A kawo mai awo daga waje, malamin gona daga hukumar raya aikin gona ta jiha ko wani daga sashen noma na Jami'ar Jos, wanda ba shi da ɗan'uwa a ƙungiyar. A rubuta lamba a kan kowace leda maimakon suna, takardar sunayen ta zauna a hannun dattijo guda da kowa ya yarda da shi. A ajiye ledojin duka a ɗaki ɗaya su kwana, don zafinsu ya daidaita, a auna su washegari a zama ɗaya, kowace leda sau uku a ɗauki matsakaici, mai kaya ko wakilinsa yana kallo ana rubutawa. Idan da hali a tura leda biyu ko uku ɗakin gwaji a gasa su a tanda, wadda ita ce hanyar asali ta sanin danshi, don a ga ko na'urar da kuka aro tana da karkata. Wanda ya faɗi da ratar rabin kashi ko ƙasa da haka a buɗe masa ledar ajiya a sake.

Game da rabon kuwa, shawarata ita ce awon ya zama matattara mai faɗi, ba tsani ba. Duk wanda aka tabbatar ya noma alkama a gonar da maƙwabta suka shaida, bai yi algus ba, ya busar ya kuma tsabtace kayansa zuwa iyakar da aka sa, ba a kuma taɓa kama shi da sayar da takin tallafi ba, ya cancanta. Idan waɗanda suka cancanta sun haura 40, kuma ina zaton za su haura, a jefa ƙuri'a a gaban kowa, a rubuta a littafin ƙungiya cewa waɗanda ba su samu bana ba su ne a gaba baɗi. Idan taro ya nace sai an saka wa ƙwazo, a ware 'yan gurabe kaɗan ga waɗanda suka fi nauyin ma'auni, sauran a bar wa ƙuri'a.

Saura gida. Kunyar surukuta ba za ta bar ka ka zauna gaban Baba kana yi masa lissafin kashi cikin ɗari ba, kuma bai kamata ka gwada ba. Abin da ya yi masa ciwo ba lambar ba ce. Mijin 'yarsa ne ya ce a gaban yara alkamarsa ba ta kai ba, bayan shekarun da ya yi yana noma. Ka nemi sa'ansa da yake jin maganarsa, ko kawun mai ɗakinka, ko limamin unguwarsu, ya kai masa saƙo guda uku: cewa ka sauka daga kujerar saboda girmansa, cewa za a sake awon ga kowa da hannun baƙo, da cewa ka roƙi a bar ka ka turo tamfol da yara su taya shi shanya da shiƙa. Wannan taimako halal ne, domin kowane manomi an ba shi kwanakin gyara kayansa, kuma babu ƙa'idar da ta hana suruki yi wa surukinsa aikin gayya. Ka ci gaba da zuwa gaisuwa kamar yadda ka saba, ko ya amsa a daƙile, kada ka ɗauko zancen sai in shi ya ɗauko.

Mai ɗakinka kuwa ka zauna da ita ka yi mata bayani dalla-dalla, ba da faɗa ba, domin tsakanin mahaifi da miji aka sa ta, kuma wuri ne mai wuya. Ka nuna mata cewa lambar da mutum biyar ko shida suka gani ba ta gyaruwa a asirce, kuma ranar da maganar ta fito ba sunanka kaɗai za a kira ba, za a ce Baba ne aka shigar ta taga, wanda ya fi faɗuwa a awo zubar da mutunci. Kada ka yi mata alƙawarin zai shiga. Mai yiwuwa bayan shanya ya cancanta amma ƙuri'a ta tsallake shi. Idan haka ta faru kuma kana da hali, ka saya masa buhun taki ɗaya ko biyu da irin da zai ishe shi daga aljihunka, a kai masa ta hannun 'yarsa. Idan kai ma sunanka ya fito a cikin 40 ɗin, kada ka miƙa masa kasonka sai ka tambayi masu shirin a rubuce ko an yarda da hakan, domin kayan tallafi da sunan mutum da gonarsa ake ba da su, kuma karkatar da su yana iya jawo wa ƙungiyar duka asarar gurbinta a shekara mai zuwa.